Kujerar Zakariyya a Layin Gaba

Duk wanda ya san Zakariyya a Sharaɗa, unguwar kamfanoni ta Kano, ya san ba a yi masa magana ta hagu. In ka tsaya ta wannan ɓangaren, ko baƙar magana ka gaya masa sai ya yi maka murmushi ya ce, "Haka ne, wallahi." Abokan aikinsa sun daɗe suna morar wannan. Sai su zagaya ta hagunsa su ce ai ya yarda zai saya wa kowa shayi da ƙwai, shi kuma ya gyaɗa kai, su tuntsire da dariya. Bai taɓa jin haushi ba. Ya san abin da ya ci masa kunne, ya kuma san su ma yana nan yana cin nasu a hankali.

Mutumin wani ƙauye ne a wajen Kafin Hausa. Ya shigo Kano yana saurayi, ya yi dako, ya yi gadi, daga ƙarshe ya samu shiga wani kamfanin tabarmar roba, a ɗakin saƙa. Nan ya tsaya, yau shekara ashirin da 'yan kai. Wanda bai taɓa shiga ɗakin saƙa ba ba zai gane ba ko an yi masa bayani. Injina ne jere, kowanne yana buga nasa tun daga shigarka har fitarka, ƙarar tana ratsa mutum har cikin haƙora. A ciki ba a magana, sai nuni da hannu da karatun leɓe. Akan raba musu abin toshe kunne, amma na yawancinsu a aljihu yake wuni, don a cewarsu mai saƙa da kunne yake gane zare ya tsinke kafin ido ya gani. Haka Zakariyya ya yi ta sauraron injinsa bakin rai bakin fama, har kunnen hagu ya mutu murus.

A Panshekara yake zaune da matarsa Badi'a da 'ya'yansu. Badi'a 'yar Challawa ce gaba da baya, 'yar Malam Inuwa, manomin da kamfanoni suka zo suka tarar da iyayensa a wurin. Malam Inuwa dogo ne, marar yawan magana, ɗan sahun gaba a masallaci rani da damina. In an yi biki, iyakarsa wurin ɗaurin aure, ana shafa fatiha ya kama hanyar gonarsa. Tsakaninsa da Zakariyya kuwa akwai kunya irin ta mutanen da, wadda yanzu sai an tona ake samun irinta. Zakariyya bai taɓa cin abinci a gabansa ba, bai taɓa hawa tabarmar da yake kai ba, alhali da hannunsa ya saƙa ta. In ya je gaisuwa, tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa can nesa, kai a ƙasa. In ya hango shi a hanya, nan take zai tuna da wani uzuri a lungu.

Badi'a takan yi masa tsiya ta ce, "Kai ma fa ka aurar da 'ya, suruki ne kai yanzu, amma har yau Baba kake gudu?"

Shi kuma ya ce, "Ke dai bari. Ko jika na aurar, Baba dai Baba ne."

Zakariyya ba ya shan taba, ba ya bin ƙwallo, ba ya zaman majalisa. Abinsa ɗaya ne a duniya, waƙar Shu'aibu Ɗan Ladidi mai gurmi. Wani tsoho ne daga can bakin iyaka, wanda Zakariyya ya fara jin muryarsa a kaset cikin motar da ta kawo shi Kano, yana tsugune tsakanin buhunan gero, bai ma san inda zai kwana ba. Tun daga ranar muryar ta zama abokiyar tafiyarsa. Ya bi ta a kaset har kaset ya mutu, ya bi ta a faifai, ya bi ta a waya. In ya tashi daga aiki kansa na amsa kuwwar injina, ita yake sa wa ta wanke masa kunne kafin ya isa gida. Amma bai taɓa ganin mutumin da idonsa ba, don Ɗan Ladidi ba mai yawon birni ba ne.

Sai kunnen dama ma ya fara. Da farko wani ɗan zuu ne da ba ya tsayawa. Daga baya ya lura siraran sautukan gurmin sun ɓace daga waƙoƙin da ya haddace. Ya zaci wayar ce, ya kai ta gyara, mai gyara ya ce lafiyarta lau. Da ya je asibiti, likita ya gaya masa gaskiya ba ɓoye-ɓoye: wanda ya tafi ya tafi, wanda ya rage kuma yana kan hanya. Ya dawo gida jiki a sanyaye. Badi'a kaɗai ya gaya wa, ya ce kada kowa ya ji. Ta ce to, washegari kuma ta gaya wa mahaifiyarta, don ita a wajenta uwa ba ta cikin kowa.

Ana cikin azumi labari ya bazu cewa za a kawo Ɗan Ladidi Kano da ƙaramar Sallah, zai yi wasa sau ɗaya a wani zauren taro a Bompai. Zakariyya ya ga hoton manne a jikin adaidaita sahu, ya tsaya a bakin titi yana bin sa da kallo har ya sha kwana. Nan ya ƙudurta a ransa cewa kafin kunnen nan ya rufe, sai ya ji muryar nan daga bakin mai ita.

Shi a saninsa, wasa irin na dambe ne ko kokawa: ka biya a ƙofa, ka sa kafaɗa ka kutsa, inda ƙarfinka ya kai ka nan ne wurinka. Salisu, mai shagon cire kuɗi a bakin tashar Panshekara, wanda aka ba sayar da tikitin unguwar, shi ya warware masa.

"Ai yanzu an wuce nan, Malam Zakari. Kowace kujera da lambarta. Ko ana gobe ka zo, ko ana tsakiyar wasa, kujerarka tana nan tana jiranka."

"Ba mai hawa?"

"Ba mai hawa."

Ya juyo masa da fuskar waya, ga hoton zauren an zana, kujeru kamar ƙwayar gero. Ga tebura na manya a tsakiya, ga layukan gaba, ga na gama-gari can baya. Zakariyya ya daɗe yana duban zanen. Ya tambayi inda mawaƙin zai zauna, aka nuna masa. Sai ya juya kansa hagu, ya juya dama, yana auna abin da shi kaɗai ya sani, sannan ya ɗora yatsa a layin farko, can gefen hagu, inda mai gurmi zai faɗo daidai kunnensa mai rai.

Salisu ya ce, "Nan fa kuɗinsa da zafi."

"Na sani. Ba ni shi."

Kayan Sallar da bai ɗinka wa kansa ba ke nan a wannan shekara. Abin da Salisu bai ga dalilin faɗa ba shi ne, gefen hagu na layin farko shi aka ware wa shagonsa, duk wanda ya sayi na gaba a hannunsa nan zai zauna, kafaɗa da kafaɗa.

Ranar wasa Badi'a ta goge masa shaddarsa ta bara, ta fesa masa turare har sai da ya yi atishawa. Ya yi la'asar a Bompai. Zauren ashe tsohon sito ne na wani kamfani da ya daɗe da rufewa, an yi masa fenti an rataya labule. A ƙofa aka haska wayarsa da wata na'ura, ta yi ƙara, aka ɗaura masa wata 'yar takarda a wuyan hannu. Da ya sa kai ciki sai ya tsaya cak. Shi da ya ƙare rayuwarsa a cikin irin waɗannan gine-gine, bai taɓa zaton sito zai iya zama haka ba. Fitilu ne shuɗi da ja suna yawo a jikin rufin kwano, sanyi na busowa ta ko'ina, kujeru sanye da fararen riguna an jera su reras, mutane maƙil, maza gefe mata gefe, ƙamshin turare ya cika wurin. Can gaba ga dandamali, an shimfiɗa darduma, an ajiye wata 'yar kujera guda a tsakiya ba kowa a kai. Ganin wannan kujera kaɗai ya sa tsigar jikinsa ta tashi.

Wata mai nuna wuri ta duba lambarsa ta ce ya biyo ta. Suka ratsa 'yan baya, suka wuce tebura, yana tafe yana jin kamar ba shi ba. Sun kusa layin farko ta miƙa hannu ta ce, "Ga taka can, kusa da baban nan mai farar hula."

Ƙeyar kawai ya gani, ya gane ta. Ai ƙeyar da ya shekara ashirin yana hangowa daga sahun baya ce duk ranar da ya yi salla a Challawa. Malam Inuwa ne zaune, ya miƙe wuya, ya kafa wa dandamalin ido, sandarsa jingine a gwiwa.

Zakariyya ya ja ya tsaya. Mamakin ma bai samu wurin zama ba, kunya ta riga shi. Ya zauna kafaɗa da kafaɗa da surukinsa? A wurin kiɗa? Yana gyaɗa kai, Baba na gani? Ko kuma, abin da ya fi muni, Baba ya san ya gan shi a nan? Mai nuna wurin tana cewa, "Bismillah mana," shi kuwa tuni ya juya, ya sunkuyar da kai, ya bi ta bayan tebura sumsum har sai da bangon ƙarshe ya tare shi. Nan ya raɓe kusa da ƙofa, cikin waɗanda suka fi son tsayuwa.

Ba a jima ba zauren ya ɗauki tafi da sowa. Aka riƙo wani ɗan tsamurmurin tsoho cikin shuɗiyar riga, 'yan amshinsa da mai ganga biye da shi, aka zaunar da shi a kan kujerar. Ya rungumi gurminsa, ya sunkuya, ya fara.

Zakariyya ya juya kunnen dama, ya tara hannu a bayansa. Babu. Sautin kafin ya iso baya ya bugi kwano, ya bugi bango, ya dawo ya haɗu da surutun mutane, ya zama wani gunji guda marar kai da gindi, irin wanda yake wuni a cikinsa kullum. Masu lafiyar kunne suna tsintar abinsu a ciki, har suna amsawa. Shi kuwa yana hango hannun yana motsi, yana hango bakin yana buɗewa, abin da ya zo nema yana fita daga wannan baki yana mutuwa a hanya. Ya matsa nan, ya matsa can, duk ɗaya. Ga kujerarsa can fara fes ba kowa a kai, kamar yadda Salisu ya yi alkawari. Ya ce a ransa shi ke nan, haka Allah ya tsara, bari wannan waƙar ta ƙare ya sulale ya tafi gida.

Sai ya ga farar hular ta miƙe. Malam Inuwa ya taho ta gefen bango a hankali, ba sanda, yana dafa bayan kujeru. Zakariyya ya nemi inda zai shige, babu. Tsohon ya iso, ya wuce ta gabansa kamar bai gan shi ba, ya zagayo ya tsaya daidai damansa. Zakariyya ya zame takalmi ya durƙusa a wurin, mutane na kallo.

"Barkanku da yamma, Baba."

Malam Inuwa bai dube shi ba. Ƙofa yake kallo, ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba, yana rarrabe kalmomin ɗaya bayan ɗaya.

"Zakari, alwala zan sabunta. Na bar sandata a can gaba. Je ka tsare mini wurin, kada wani ya ɗauke."

"To, Baba."

Malam Inuwa ya sa kai ya fice. Zakariyya ya miƙe, ya sa takalmi, ya nufi gaba. Yanzu ai ba kallon wasa zai je ba, aike ne, kuma ba a ƙin aiken suruki. Ya sami sandar kwance a kan kujerar tsohon, ya ɗauke ta da hannu biyu ya ɗora a cinya, ya ɗosana a bakin tasa kujerar, a shirye ya zabura da zarar mai wuri ya dawo.

Nan muryar ta same shi.

Subhanallahi. Ashe duk shekarun nan inuwar abin yake ji. Ga gurmin nan kusa, har ana jin karcewar farce a kan tsirkiya kafin sautin ya fito, da ɗan gurnanin ƙwaryar a ƙarƙashi. Siraran sautukan nan da ya yi wa ta'aziyya tun bara, sai ga su sun dawo, ba duka ba, amma sun dawo, suna shiga kunnensa ɗaya bayan ɗaya. Ya ji tsohon yana jan numfashi kafin ya ɗauki baiti. Ya ji diddigensa yana dukan katakon dandamali. Muryar kuma, wadda ya zaci ya san ta ciki da waje, ashe tana da wata 'yar rawa a ƙarshen kowace kalma da ba na'urar da ta taɓa kamowa. In ta yi ƙasa sai zauren ya yi tsit, mutum dubu su riƙe numfashi saboda tsoho ɗaya da ƙwarya. In ta tashi, 'yan amshi su tare ta, sai ka ji kamar rufin zai ɗaga. Mutumin da ko tafiya sai an riƙe shi, ina yake ajiye wannan murya? Zakariyya sai tasbihi yake a zuci. Manyan da ke tebura suka taso yin liƙi, suka tsaya a gabansa suka tare masa gani, ko a jikinsa. Ya rufe ido ma gaba ɗaya. Hawaye na zuba kan shaddar da aka goge masa, bai share ba.

Waƙa ta ƙare, wata ta shiga. Ya buɗe ido ya dubi kujerar da ke gefensa, ya waiwaya ƙofa. Wata ta ƙare, ya sake waiwayawa. Alwala dai ko ta wanka ce da yanzu an gama. A nan ne abin ya faɗo masa. Ya tuna ta wane gefe tsohon ya tsaya, da yadda ya ɗaga murya. Ya tuna yadda ya same shi da farko, wuya a miƙe, ido a kan dandamali, zaman mutumin da ya daɗe yana jiran wannan rana a ɓoye, wataƙila tun kafin a haifi Badi'a. Shi ma da ƙafarsa ya je shagon Salisu, shi ma layin gaba ya nuna.

Ya yunƙura zai tashi ya je ya kira shi, sai ya koma ya zauna. In ya fita ya ce Baba ku dawo, to ya nuna ya gane, ya kuma mayar wa dattijo kyautarsa a fuska. An ce ya tsare wuri. Ya ƙanƙame sandar, ya juya kunnensa ga mai gurmi, ya saurara da dukkan abin da ya rage masa, kamar mai ɗibar ruwa a ranar da aka ce za a ɗauke famfo.

Ana gab da magariba aka tashi. Ya fito cikin turmutsutsu yana dube-dube. Can gefen ginin ya hango surukinsa, inda ba kowa sai janareta na ruri, zaune a kan wani bulo, ya jingina kai da bangon siton, ya manna kunne. Ganin mutane na fitowa ya sa ya gyara zama da sauri, ya shiga jan carbi.

Zakariyya ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya miƙa sandar da hannu biyu.

"Ga ta, Baba. Ba wanda ya zauna."

"Madalla. Allah ya yi albarka."

Ya dogara ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya yi gaba. Zakariyya ya bari ya yi nisa kamar yadda ya saba, sannan ya bi baya. Sun kusa titi sai tsohon ya tsaya, bai juyo ba, har Zakariyya ya ƙaraso dole. Yana kallon motoci ya yi magana, da ƙarfi, yadda za a ji.

"Daga waje ba a jin komai sai ganga. Muryar fa, ta tsufa?"

Zakariyya bai taɓa yin zancen waƙa da surukinsa ba, bai kuma taɓa zaton zai yi ba.

"Ba ta tsufa ba, Baba. Tana nan yadda kuka san ta. Ta ma fi."

"Ka ji ta sosai?"

"Na ji ta, Baba. Duka na ji."

Malam Inuwa ya gyaɗa kai a hankali. Ya sa bakin hannun riga ya goge ido, kamar wani abu ne ya faɗa masa.

"To, alhamdu lillahi," ya ce. "Mu nemi masallaci."